Yadda Kang Sarpin Ya Juya Gabas

Jirgi ɗaya ya kawo mu ni da Sarpin daga tsibirin Jawa zuwa ƙasar Surinam, kuma a wurinmu wanda kuka sha amai tare a jirgi ɗaya ya zama ɗan'uwa har abada. Kang nake ce masa don ya girme ni. Shi kuwa Miran yake ce mini, tun a teku ya gutsure wa sunana Tumiran kai, bai kuma taɓa mayar mini da shi ba.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa kamar an kafa turame. Amma abin da aka fi saninsa da shi murya. In ya ƙwala wa matarsa kira daga bakin gona, har matan maƙwabta sai sun amsa. Ga shi ba ya shiga abu da ƙafa ɗaya, in ya so abu da ka yake faɗawa.

A wani gandun rake na bakin Kogin Komewaine aka sauke mu, da kwantiragin shekara biyar a wuyanmu. Ba zan ɓata bakina kan wahalar gandu ba, yadda addini ya koma a hannunmu shi zan faɗa. Dukkanmu Musulmi ne, duk wanda ka tambaya zai ce maka haka, har ya ji haushin tambayar. Amma Juma'a ranar saran rake ce kamar kowace rana. Azumi sai mai ƙarfin hali, don Baturen gandu bai san wata ya tsaya ba. Babu masallaci, babu makaranta, yaran da aka haifa a bariki suka tashi ba su san alif ba. Ranar Lahadi da ake hutu, karta ce da giya da rawa. Turawan Holan kuma hakan ya yi musu daɗi, domin wanda ya saba da tabarmar caca ba ya zancen komawa gida.

Abin da ya rage mana shi ne Mbah Dulkamid, Mbah kuwa kaka ke nan a harshenmu. Ya riga mu zuwa da shekaru, kuma tun yana yaro a ƙauyensu ya haddace wasu surori da addu'o'i. Shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke wanke gawa. In an haihu, ko an mutu, ko wani ya tashi daga ciwo, sai a dafa shinkafa da kaza a tara maza, Mbah ya ƙona turare ya yi addu'a, ya ambaci Annabi, ya ambaci kakanni, ya ambaci masu tsaron ƙasa da ruwa, duk a numfashi ɗaya, kowa ya ƙunshe rabonsa a ganyen ayaba ya tafi. Selamatan muke kiran wannan walima. In zai yi salla kuwa yamma yake fuskanta, kamar yadda ake yi a Jawa inda Makka take wajen faɗuwar rana. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin tambaya a nan.

Sarpin a lokacin makaɗi ne. Shi ke riƙe da babbar ganga a rawar doki, wadda samari ke hawa dawakan saƙar gora suna tsalle har iska ta hau kansu su kama cin ciyawa. In ya sa hannu a fatar nan, tsohuwa ma sai ta girgiza kafaɗa. Salla kuwa daga Idi sai Idi.

Da kwantiragi ya ƙare aka yanka mana fadama, muka sare daji, muka haƙa ƙorama, muka shuka shinkafa, muka sa wa wurin suna Karangsari. Muka kafa ɗan masallacin katako mai rufin ganye, gurbin liman yana yamma. Sarpin ya auri Sukinem, 'yar Mbah Dulkamid, mace mai kaifin baki wadda ita kaɗai ke iya sa shi ya yi shiru. Haka muka zauna har muka ba wa talatin baya.

Sai ga Pak Muhtadi, Pak ɗin kamar a ce malam ne a wurinmu. Yana cikin waɗanda jiragen baya-bayan nan suka kawo, siriri, mai tabarau, da keken ɗinki. An ce ya yi karatu a irin sababbin makarantun da masu gyaran addini suka buɗe a Jawa, inda ake zama kan benci ana koyon Larabci da lissafi tare. Ya kama ɗaki a bakin hanya yana ɗinka wa mutane riguna, ba ya zuwa selamatan, ba ya zuwa rawa. Duk wannan aka ƙyale shi. Abin da ya ta da ƙura shi ne ranar da wata mata ta kai ɗinki ta tarar da shi yana salla ya ba wa yamma baya.

Kafin la'asar labari ya zaga ƙauye. Sarpin ya same ni a gona yana huci.

"Miran, ka ji telan nan? Wai rana yake wa sujada! Taso mu je in gyara masa zama."

"Kang, kai da ba ka salla, ina ruwanka da inda wani ya kalla?"

"Ba na yi, amma na san inda ake kallo! Taso!"

Ya rataya gangarsa, wai in tela ya fara wa'azi ya rufe shi da kiɗa. Muka tarar da Pak Muhtadi yana taka keke. Sarpin ya tsaya a ƙofa ya cika ɗakin da murya.

"Kai malam tela! A garinku ba a koya maka gabas da yamma ba?"

Pak Muhtadi ya ɗaga kai ya yi murmushi. "Shigo, Kang. Sauke gangar, ta yi maka nauyi. Ɗan miƙo mini kwakwar can."

Ya karɓi kwakwa, ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya ɗiga a gefe ɗaya. "Nan Jawa." Ya ɗan gusa ya ɗiga. "Nan Makka. Kana Jawa, ina za ka kalla?"

"Yamma mana. Ko akuya ta san wannan."

"Madalla. To jirgin da ya kawo ku, ina ya nufa?"

"Yamma. Kullum rana a gabanmu take faɗuwa."

Pak Muhtadi ya ja allin daga Jawa, ya bi ta ƙarƙashin ɗigon Makka, ya wuce, ya yi ta tafiya har ya zaga kusan bayan kwakwar, sannan ya ɗiga. "Nan kake tsaye yanzu da gangarka. Ina Makka?"

Sarpin ya ƙura wa kwakwar ido. Ya karɓe ta, ya juya, ya sake juyawa. Na ga leɓensa yana motsi. Can sai ya damƙi hannuna har na ji ƙashi ya amsa.

"Miran! Mai gawayin nan!"

"Wane mai gawayi?"

"Na jirgi! Baƙin dogon nan mai zuba gawayi a inji, wanda ke fitowa salla a bayan jirgi! Ka tuna muna yi masa dariya, muna cewa ya ruɗe, yau ya kalli nan, wani mako ya karkata, har daga ƙarshe ya koma kallon inda muka fito? Ashe ba ruɗewa ya yi ba! Bin ta yake yi! Miran, mun wuce ta! Mun wuce Makka ba mu sani ba!"

Ya fita a guje da kwakwar a hannu, ya bar gangarsa a ɗakin tela. Ina biye da shi ina kira, ina! Ya bi ta kan jingar ƙorama yana ihu, "Jama'a, mun wuce ta! Tana bayanmu!" Mata suka fito da ludaya a hannu, agwagi suka watse, wani tsoho ya ɗauka gobara ce ya fito da bokiti. Duk wanda ya tare sai ya dangwara masa kwakwa a hanci ya hau bayani, yana haɗa Jawa da Makka da mai gawayi, ba mai gane komai sai shi.

Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa masallaci, abin da ba a taɓa gani ba, ya zauna a sahun gaba. Ni ina sahu na biyu daidai bayansa. Mbah Dulkamid ya shiga gurbinsa, aka ta da salla, kowa ya fuskanci yamma. Sai Sarpin ya juyo gaba ɗaya. Ga hancinsa ga nawa.

Na ce a hankali, "Kang, don Allah."

Ya ɗaga hannu ya kabbarta da muryar nan tasa har rufin ganye ya motsa. Na rufe ido na yi tawa kabbarar. Da aka zo ruku'u kuwa, goshinsa da nawa suka haɗu, ƙum! Na ga taurari da rana tsaka. Wani a baya ya tuntsire da dariya, sahu ya wargaje, sallar ranar dai Allah kaɗai ya san yadda ta ƙare.

Mbah Dulkamid bai ɗaga murya ba. Ya zauna ya naɗe ƙafa, ya dubi surukinsa.

"Sarpin, jiya-jiya kake kaɗa wa aljanu ganga, yau kai ne za ka nuna mini alƙibla?"

"Mbah, ba ni na faɗa ba, duniya ce a mulmule! Ga kwakwa ka gani!"

"Ajiye kwakwarka. In a mulmule take, wanda ya miƙa yamma ai zai isa shi ma."

"Zai isa, Mbah, amma ta doguwar hanya!"

"Ina saurin me?" Jama'a suka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Ku saurara. An raba mu da ƙasarmu, an raba mu da kaburburan iyayenmu, wasunmu ko sunansu ba a rubuta daidai ba. Abu ɗaya na fito da shi daga gidan ubana, yadda ya tsayar da ni a gefensa ya ce kalli can. Shi na riƙe muku a gandu lokacin da ba tela, ba makaranta, ba kowa. Yanzu ku ce in juya masa baya? Ba a masallacin nan ba. Wanda ke son gabas, ga ƙofa."

Idon Sarpin ya kawo ruwa, don yana son tsohon ƙwarai. Ya durƙusa ya sumbaci hannunsa, ya miƙe ya fita. Mutum kaɗan suka bi shi. Ni ban bi ba, har yau kuma ban bi ba. Maganar Mbah ce ta zauna mini, ko da yake ban taɓa iya ƙaryata kwakwar ba.

A gida Sukinem ta tare shi da muciya a hannu. Ina jin su ta katanga.

"Sannu, babban malami! Kai ka juya, ubana bai juya ba, ni an bar ni a tsakiya kamar igiyar shanya. In na je gidanmu a harare ni, in na dawo nan a nuna mini kwakwa."

"Nem, in kin gane abin nan sai kin yi kuka don daɗi!"

"Zan yi kuka dai, tunda ka bar shinkafa tsuntsaye na ci."

Daga ranar Sarpin ya zama wani mutum. Ya bar karta, ya bar giya, ya kyautar da gangarsa. Kullum bayan la'asar yana ɗakin tela tare da sauran, Pak Muhtadi yana koya musu baƙaƙe, da alwala yadda take, da ma'anar abin da suke faɗa a salla. Wannan na ƙarshe shi ya fi rikita shi. Ya zo ya same ni ina gyaran garma.

"Miran, ka san abin da Fatiha ke cewa? Magana ce! Magana ce sosai kamar yadda nake yi da kai! Mu muna zuba ta kamar ruwa a kwando, ashe roƙo ne, a nuna mana hanya!"

"To an nuna maka, sai ka bar mu mu huta."

"Ba za ka huta ba wallahi, sai ka ji ta duka!"

Na ji ta kuwa, ni da saniyata.

Karatun baƙaƙe dai ya ba shi wuya. Hannun da ya saba da adda da ganga ya ƙi alƙalami. Sai ya riƙa zana su da tsinke a kan laka a bakin gona, manya-manya, yana kiran sunansu da ƙarfi. In ya dawo gida ya zauna a baranda yana maimaitawa yana kuskure. Wata rana yana cikin fama, sai aka ji murya daga madafa.

"Ba haka ba ne. Wancan ɗigonsa a sama yake, wannan a ƙasa."

Sarpin ya waiga. "Nem, wa ya koya miki?"

"Kai mana. Wata nawa kana huda mana kunne da su? Ko kajin gidan nan sun kusa sauka."

Da wani namijin ne, da ya ji haushi. Shi kuwa ya yi tsalle ya ɗauke ta cak da muciyarta, ya zaga tsakar gida da ita tana zaginsa, ya ja ta har ɗakin tela. Pak Muhtadi ya gwada ta ya ga ta fi duk mazan. Ya ce neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, maganar da ba mu taɓa ji ba. Kafin shekara ta zagayo Sukinem ta shimfiɗa tabarma a barandarta tana koya wa 'yan mata. Mu 'yan yamma muka yi ta gunaguni, sannan ɗaya bayan ɗaya muka tura namu 'ya'yan ta bayan gida. 'Yata Wagirah a can ta yi karatu.

Da suka yi yawa, ɗakin tela ya yi musu kaɗan, sai suka kafa ƙungiya don su gina masallacinsu. A shekarun nan kuwa gari ya yi zafi, marasa aiki sun yi bore a babban birni Paramaribo, hukuma ba ta son jin an ce leburori na taruwa. Wata safiya 'yan sanda suka zo da kwalekwale mai inji suka ce Pak Muhtadi ya taho. Sarpin ya baro gona da laka har gwiwa ya faɗa cikin kwalekwalen.

Sajan ya ce, "Kai wa ya kira ka?"

"In taro laifi ne, ni na fi kowa zuwa. Ku tafi da ni!"

Suka yi, suka yi, ya ƙi fita, dole suka tafi da shi. Ni ma na bi su a baya don Sukinem ta ce in ban dawo mata da mijinta ba kada in dawo.

A ofis Baturen gunduma ya tambaya ta bakin tafinta, me suke ƙullawa a ɗakin tela? Pak Muhtadi ya fara bayani a natse. Sarpin bai iya jira ba. Ya hango lemo a faranti kan teburin Bature, ya kai hannu ya ɗauka, ɗan sanda ya yunƙura, Bature ya ɗaga masa hannu. Sarpin ya kafa farce a jikin lemo, nan Jawa, nan Makka, nan mu, har da mai gawayi, tafinta na binsa da kyar yana share gumi.

Bature ya saurara har ƙarshe, sannan ya kwashe da dariya ya yi magana. Tafinta ya ce, "Wai wannan ai tun yana ƙaramin aji aka koya masa. In dai wannan ne, ku je ku gina abinku, amma ban da zancen siyasa. Wai kuma ka riƙe lemon."

Muka fito. Ina cewa Sarpin zai yi murna, sai na ga ya tsaya a kan matakala yana huci.

"Miran, ka ji? Ya sani! Duk sun sani! Shekara da shekaru suna kallonmu muna ba wa Ka'aba ƙeya, ko ɗaya bai ce mana uffan ba!"

Pak Muhtadi ya ce, "Ba aikinsu ba ne, Kang. Rake suka kawo mu sara. Namu ne, mu muka bari."

"To an daina bari!" Ya ɓare lemon a fusace ya raba mana.

Katakon gini daga wurin mutanen Juka, baƙaƙen fata mazauna dajin can saman kogi, aka samo shi, manyan gumagumai aka ɗaure su wuri ɗaya aka biyo ruwa da su. Sarpin ne a kai da doguwar gora, ya yi kwanaki a hanya. Ranar da zai iso, 'yan gabas suka jeru a bakin kogi da tutocin ganyen kwakwa, mu kuma muka fito kallo, muna cewa bari mu ga yadda za su ƙare. Ya ɓullo daga kwana yana tsaye kamar sarkin yaƙi yana ɗaga hannu. Daidai lokacin ruwan teku ya fara janyewa, kogi ya ja da ƙarfi, ɗaurin ya bugi wani kututture, igiya ta tsinke. Gumagumai suka watse, Sarpin ya yi sama ya faɗo ruwa, ya ɗago ya rungumi ɗaya yana ihu.

"Ginshiƙan masallaci! Jama'a, za su tafi teku! Miran, kana kallo, ɗan banza?"

Ban san lokacin da na tsinci kaina a ruwa ba. Ba ni kaɗai ba, duk wanda ya iya iyo ya faɗa, ba a tambayi gabas ko yamma ba. Kwalekwale suka fita, mata suka kama bakin igiya suna ja suna guɗa, wani ya hau gungume yana tuƙa shi da hannu kamar doki. Muka yi ta kokawa da kogi har rana ta karkata. Guda ɗaya ne ya tsere mana, muna ganinsa ya nufi teku.

Sarpin ya fito yana tari, laka har gira, ya bi shi da kallo ya ce, "Ku bar shi, gabas ya nufa. Ya riga mu."

Mbah Dulkamid yana tsaye kan jinga da sandarsa duk wannan lokaci. Bai ce a taimaka ba, bai ce a bari ba. Da aka gama sai ya ce wa matarsa ta dafa wa mutane ruwan citta kada sanyi ya kama su, ya juya ya tafi.

Da hannu suka gina masallacin, bayan aikin gona, rufin kwano, gurbin liman yana kallon fitowar rana. Ranar buɗewa Pak Muhtadi ya ce ba wanda zai yi kiran salla sai Sarpin. Ya sha gyara kafin ranar, don da farko yana jan kiran kamar waƙar rawar doki. Ya hau ɗan dandamali cikin farar rigar da tela ya ɗinka masa, ya toshe kunne ya saki murya. Ina gona a lokacin, na ce ba zan je ba. Muryar ta ratso shinkafa ta same ni, ta haye kogi, har masunta Indiyawa na wancan ƙetare suka ce sun ji. Tun da na bar Jawa ban ji kiran salla irin wannan a sarari ba. Na ajiye lauje na zauna a kan jinga, na daɗe ban tashi ba.

Da aka tambayi Mbah ko ya ji, sai ya ce, "Na ji. Murya dai an same ta, saura hankali."

Haka Karangsari ta zama mai masallaci biyu suna ba wa juna baya. An yi faɗa, ba zan ɓoye ba. An fasa aure saboda wannan, akwai 'yan'uwan da suka daina gaisawa, samarin gabas masu zafin kai suka riƙa kiran selamatan ɗinmu shirka a bainar jama'a. Sarpin shi ma ya daina ci, amma in surukinsa ya yi taro shi ke faskaren itace da ɗaukar tukwane, ya gama ya koma gida da yunwarsa. Mu ma kuma abin ya taɓa mu. Ganin nasu ya cika kullum, sai muka fara jin kunya, muka gyara namu, muka sa yaranmu karatu, masu salla daga Idi sai Idi suka koma yin biyar a rana.

Bayan babban yaƙin duniya, ƙasarmu ta asali ta kori Turawan Holan ta sami 'yanci, aka shirya jirgi na masu son komawa. Mbah Dulkamid ya haura saba'in, matarsa ta rasu, amma ya ce da shi za a tafi. Sukinem ta yi kuka, ta yi faɗa, ya ce ƙasar da aka binne cibiyarsa ita za ta ci shi.

Muka raka shi tashar jirgi a Paramaribo. Mutane kamar ƙasa, kuka ta ko'ina. Da aka fara hawa, tsohon ya tsaya ya dubi Sarpin daga sama har ƙasa.

"Kai mai kwakwa. In na isa can, ina zan kalla?"

Sarpin ya share ido. "Yamma, Mbah."

"Ƙara faɗa, kunnena ya yi nauyi."

"Yamma, Mbah!"

"Alhamdu lillahi, na ji da bakinka. Zan yi ta kallon yamma har in mutu, ba ɗan da ya isa ya ce mini kanzil."

"In da zan bi ka, Mbah, a bayanka zan tsaya."

"Ka tsaya nan ka riƙe mini 'yata. Kuma a garinmu in mutum zai yi doguwar tafiya kiran salla ake yi masa. Ko telanku ya hana wannan ma?"

Sarpin bai tsaya tambayar kowa ba. Ya haye kan wani tulin buhuna ya toshe kunne. Duk hayaniyar tashar nan ta mutu, 'yan dako suka tsaya da kaya a ka, waɗanda ke kan jirgi suka matso bakin ƙarfe. Mbah ya hau a hankali yana dogara sanda, bai waiwayo ba sai da ya kai sama, sannan ya ɗaga mana sandar. Ba mu sake ganinsa ba. Labari ya zo daga baya cewa ya isa lafiya, ya yi shekara biyu a can kafin ya cika.

Sarpin ya ci gaba da ladanci har haƙoransa suka zube. Da aka kawo lasifika ya ce a kai wa masu ƙaramar murya. Bai taɓa iya karatu da sauri ba, amma ya sauke Alƙur'ani yana da furfura, Sukinem ce ta ɗora shi har ƙarshe, ranar kuwa ya yanka ɗan bijimi ya ciyar da ƙauye duka. Ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki.

Jana'izarsa ta tara mutanen da Karangsari ba ta taɓa gani ba, daga gandaye, daga birni, har daga ƙetaren kogi. Maƙabartarmu tana hayin ƙorama, gadar kuwa ta katako ce, ta tsufa. Masu ɗauke da makara suka haye lafiya. Mu na baya muka danno gaba ɗaya, kowa na son ya matsa kusa, sai gada ta yi ƙara ta buɗe. Muka zuba cikin ruwa, tsofaffi da limamai da manyan baƙi masu takalma, ruwan iya ƙugu, ba wanda ya ji ciwo. Na ɗago ina lalubar hulata, na ga Pak Muhtadi, tsoho tukuf, yana zaune cikin laka da ganyen bado a kan tabarau. Ya dube ni, na dube shi, dariya ta ƙwace mana, ta bazu har kan jinga inda mata suke tsaye, Sukinem na yi tana share hawaye da bakin mayafi. Da jiƙaƙƙun kaya muka ƙarasa muka binne shi. Hular dai ban same ta ba.